Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, mu ba 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu labarin wani abin kunya da ya same mu, da abin da muka koya a cikinsa. Mun daɗe muna shawara ko mu rubuta ko mu bari, gama ba wanda ya ke so ya tona asirin kansa a gaban jama'a. Amma da muka tuna bana ma za a aika da ƙannenmu ƙauyuka koyon aikin koyarwa, kamar yadda aka aika da mu bara, sai muka ga gara a yi mana dariya, su kuwa su tsira. Mu uku ne, dukanmu 'yan ajin ƙarshe, dukanmu Kirista. Abin da za mu faɗi bisa ga bangaskiyarmu ne, ba mu nufin jayayya da kowa.

Ba za mu faɗi sunan ƙauyen da aka tura mu ba, don mutanensa ba su ba mu izini ba. Mota ba ta kaiwa can in ruwa ya sauka, sai a tsaya a bakin rafi a ƙarasa da ƙafa. Mun isa da kaka, ana cirar gyaɗa, dawa ta fara sunkuyar da kai. Akwai makaranta mai aji uku, da wata 'yar majami'a ta ginin ƙasa, wuraren zamanta ma na ƙasa ne. Mako shida aka yanka mana. Tun a mako na fari dattijon ikilisiya ya zo masaukinmu da dare, ya kawo mana ɗanyar gyaɗa cike da ƙwarya, ya ce, "Malamai, tun da Allah ya kawo mana ku, ran Lahadi sai ku ba mu Magana. Mu nan manoma ne, karatunmu bai taka kara ya karya ba." Muka amsa masa da ladabi, amma a ɓoye kanmu ya kumbura. Da ya fita muka ce wa juna, lalle ran nan mutanen garin nan za su san an yi karatu.

Dare uku muka yi a gindin fitila muna shiri. A Kwaleji an koya mana hujjoji biyar waɗanda Toma Akwinas, babban malamin nan na ƙasar Italiya, ya kawo a ƙarni na 13 don ya nuna da hankali cewa akwai Allah. Muka raba su tsakaninmu, biyu, biyu, ɗaya. Ran Lahadi muka sa fararen riguna, muka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na fari ya bayyana yadda kowane abu mai motsi wani abu ne ya motsa shi, har a kai ga wanda ya fara motsarwa, shi kuwa ba wanda ya motsa shi. Na biyu ya shiga zancen abin da samuwarsa tilas ce da abin da samuwarsa ba tilas ba ce. Na uku ya rufe da tsarin halitta. Inda Hausa ta ƙare mana sai mu cike da Turanci, mu ɗaga murya don kada a gane mun rasa kalma. Mun fi sa'a guda muna yi.

Jama'a suka zauna shiru, ba wanda ya fita, gama mutane ne masu kawaici. Maza suka sunkuyar da kai, muna tsammani tunani su ke yi, ashe rabinsu gyangyaɗi ne. Da aka tashi kowa ya zo ya ce mana, "Sannunku da ƙoƙari, malamai." A lokacin ba mu lura ba cewa ƙoƙarin kaɗai aka yaba.

Can a ƙarshe sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda, idonta ɗaya ya yi yana. Kowa a garin Iya ya ke ce mata. Daddawa ta ke yi tana sayarwa, ba ta kuwa san ko harafi ɗaya ba. Muka rusuna muka gaishe ta, ta sa mana albarka, sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, in tambaye ku. Wannan Allah da kuka sha wahala haka kafin ku same shi, shi ne namu wanda mu ke kira kullum, ko kuwa wani ne na can wajenku?" Ba gatse ta ke yi ba, so ta ke ta sani. Muka yi murmushi muka ce shi ne, Iya. Ta ce, "To, madalla. Da na ji kuna ta nemansa, na ce ko ɓace muku ya yi." Muka koma masauki muna dariya, muna cewa, Allah sarki, rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan kwana tara zazzaɓi ya kama wani yaro ɗan aji biyu, wanda ya fi kowa son lissafi a cikin yaranmu. Kwana biyu ya yi a kwance, kafin a sami abin ɗaukarsa zuwa asibiti ya cika. Shi kaɗai ne ɗan uwarsa. Da aka dawo daga wurin binnewa aka taru a tsakar gida, sai dattijon nan ya dube mu, ya ce malamai su yi wa iyayen magana. Nan fa ido ya raina fata. Hujjojinmu biyar suna nan a kanmu daram, ba wadda muka manta, amma ba ko ɗaya da za a iya miƙa wa macen da ke birgima a ƙasa. Ɗayanmu ya buɗe baki ya ce, "Haƙuri." Ya sāke cewa, "Haƙuri." Daga nan ya yi shiru.

Sai Iya ta ja jiki ta zauna a ƙasa, ta jawo kan uwar ta ɗora bisa cinyarta. Ba ta ce mata ta bar kuka ba. Ta kama addu'a, da irin muryar da mutum ya ke magana da ubansa a zaure. Ba mu iya kawo kalmominta daidai, amma ga ma'anarsu. Ta ce wa Allah shi ma ya san zafin mutuwar ɗa, tun da nasa Ɗan ya mutu a kan idonsa. Ta tuna masa Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa, saboda haka kada ya ga laifin yarinyar nan. Ta ce ita kanta 'ya'ya huɗu ta binne, bai taɓa gaya mata dalili ba, amma bai taɓa barinta ta kwana ita kaɗai ba. Ta roƙe shi ya zo ya kwana a ɗakin nan yau. Kukan bai tsaya ba, amma uwar ta daina birgima, ta riƙe bakin zanen Iya da hannu biyu. Kwana bakwai tsohuwar nan tana kwana a gidan, tana dama kunu, tana tilasta wa uwar ta sha. Sai daga baya muka ji cewa su biyun sun shekara biyu ba su ga maciji da juna, saboda rikicin iyakar gona.

Kafin mu bar ƙauyen muka je gidanta, muka tarar tana wankin kalwa. Muka durƙusa muka ce, "Iya, wa ya koya miki sanin Allah haka, ga shi ba ki shiga makaranta ba?" Ta yi dariya har ta saki ƙwaryar. Ta ce jikanta ne ya ke karanta mata Bishara da dare, abin da ta ji da dare kuwa shi ta ke tuƙa da rana kamar akuya. Sa'an nan ta ce, "Jinjiri bai san sunan uwarsa ba, bai san garinsu ba. Amma ku tara mata ɗari su goya shi ɗaya bayan ɗaya, zai nuna muku bayan da ya sani. Ni ban san yadda Allah ya ke ba, 'ya'yana. Bayansa na sani."

Da muka komo Kwaleji muka kwashe labari duka muka gaya wa ɗaya daga cikin malamanmu. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce wannan gardama ta girmi kakannin kakanninmu, ya rubuta mana sunayen waɗansu littattafai, ya tura mu ɗakin karatu. Ga abin da muka tarar.

Wajen shekara ta 178 wani masanin falsafa mai suna Kelsus ya rubuta littafi da Helenanci, watau harshen Girkawa, yana sukar addinin Kirista. Littafin ya ɓace, amma an san abin da ke cikinsa, domin Orijen, malamin Iskandariya ta Masar, ya mayar masa da amsa wajen shekara ta 248, yana kawo maganarsa gaɓa gaɓa. Cikin abubuwan da suka fi ɓata wa Kelsus rai har da irin mutanen da ke yaɗa wannan addini. Ya ce masu aikin ulu ne, da dukawa, da masu wanki, mutanen da ba su iya buɗe baki a gaban iyayengijinsu, amma in sun sami mata da yara a keɓe sai su kama koya musu al'amarin Allah. A ganinsa sanin Allah rabon 'yan kaɗan ne waɗanda suka gogu cikin ilmi. Ya kafa hujja da Aflatun, wanda ya ga cewa gano Mahalicci aiki ne mai wuya, bayyana shi ga dukan mutane kuwa ba shi yiwuwa. Da muka karanta wannan sai muka ji kamar muryarmu ce a kan hanyar komawa masauki ran Lahadin nan.

Orijen ba ƙaramin masani ba ne. Shi ne ya jera Tsohon Alkawari a layi shida, Ibrananci da fassarorin Helenanci gefe da gefe, don a gwada su. Da ya so, da ya ce Kelsus ƙarya ya ke yi, ga shi nan shi Kirista ne kuma malami. Amma bai musa cewa yawancin masu bi talakawa ne ba. Ya kawo misalin abinci. Ya ce akwai mai dafuwa wanda ya ke shirya abinci mai kyau da kayan yaji masu tsada don 'yan tsirarun attajirai, akwai kuma wanda ya ke dafa abinci mai gina jiki yadda dubban mutane za su ci su rayu, to, wane ne ya fi amfanin jama'a? Ya ƙara da wata magana wadda ta fi wannan nauyi. Ya ce Aflatun ma bai kai ga iyakar wuyar ba, gama ɗan Adam, ko masani ko jahili, ba shi da ƙarfin da zai nemi Allah ya same shi, sai in wanda a ke nema ya taimake shi. Watau ba a rage wa Iya tsawon hanya don ta kasa ba. Hanyar ta fi ƙarfin kowa, har da Aflatun, har da mu.

Nan ne gindin maganar. Bangaskiyar Kirista ta ce tun da mutum ba shi iya hawa, Allah ne ya sauko. Mun gaskata cewa a cikin Yesu Almasihu Allah ya zo ya zauna tare da mutane, ya yi yawancin shekarunsa yana sassaƙa a Nazarat, garin da mutanen zamanin ba su ɗauka a bakin kome ba. Da ya tashi zaɓen almajirai bai je wurin manyan malaman Urushalima ba. Bitrus da Andarawus da Yakubu da Yahaya masunta ne a Tekun Galili, Matiyu kuwa mai karɓar haraji ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yadda 'yan majalisa suka yi mamakin ƙarfin halin Bitrus da Yahaya, da suka gane mutanen nan ba su yi karatun malamai ba. Koyarwar Yesu ma da kayan gida da na gona ya yi ta: iri da ƙasa, yisti a cikin gari, fitila da mazauninta, facin sabon ƙyalle a tsohuwar riga, tunkiyar da ta ɓata, mace tana share ɗaki tana neman kuɗinta. A sura ta 11 ta Bisharar Matiyu har godiya ya yi wa Uban, don abin da ya ɓoyu ga masu hikima an buɗe shi ga ƙanana. Bulus kuma ya tuna wa masu bi na Korinti cewa cikinsu masana da masu iko da 'ya'yan manya ba su da yawa.

Me ya sa haka? A ganinmu domin sani iri biyu ne. Marubucin fada ya san sunayen kakannin sarki goma sha biyu, da shekarun da kowannensu ya yi a kan gado, da yaƙoƙin da suka ci. 'Yar sarki 'yar shekara uku ba ta san ko ɗaya ba, amma ita ce ke hawa cinyarsa, ita ce ta san muryarsa a cikin duhu. Sanin labarin mutum a kan same shi da bincike, mai ƙwazo ya fi rago. Sanin mutumin kansa kuwa sai in ya yarda ya buɗe maka ƙofa, kai kuma ka yarda ka shiga. Abin da aka bayar kyauta ba a tambayar mai karɓa takardar shaidar jarrabawa, hannu kaɗai a ke so ya miƙa. Mai tawali'u ya riga mu a nan domin ya saba miƙa hannu. Ya san rashi, ya san ba shi da abin biya, ba ya jin kunyar karɓa. Mu da hannunmu ke cike da littattafai, sai mun ajiye wani abu tukuna.

Abu na biyu da muka tarar ya shafi harshe, ya kuwa sa mu jin kunyar Turancin da muka yayyafa wa manoma. A dā waɗansu malaman Turai sun lura Helenancin Sabon Alkawari ya bambanta da na Aflatun da manyan marubuta, har waɗansu suka zaci wani harshe ne na musamman wanda aka keɓe don al'amuran sama. A shekara ta 1897 waɗansu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suna tonon tsofaffin jujin wani gari a Masar wanda a yau a ke kira Bahnasa, suka yi ta fito da dubban takardu irin na dā, waɗanda a ke yi da wani kara na bakin kogin Nilu. Busasshen rairayi ya tsare su ɗaruruwan shekaru. A ciki akwai rasit na haraji, da takardun aure, da na bashi, da wasiƙun iyali, har da wasiƙar wani yaro da ya yi fushi da ubansa don ya tafi Iskandariya bai tafi da shi ba, yana barazanar zai ƙi ci ya ƙi sha. Wani malami Bajamushe, Adolf Deissmann, ya gwada irin waɗannan takardu da Sabon Alkawari, ya nuna cewa kalmomi da yawa da aka zaci na sama ne, ashe na kasuwa ne da na cikin gida. Ga misali ɗaya. Inda Yesu ya yi zancen masu ba da sadaka don a gan su, ya nuna sun riga sun karɓi ladansu, kalmar da aka rubuta ita ce wadda a ke sa wa a rasit in an biya mutum kuɗinsa duka, ba sauran bashi. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan ya gane nan take. Masana na yanzu sun nuna cewa marubutan ba ɗaya su ke ba, Luka da mai Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sun fi sauran gogewa, kuma akwai tasirin tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari. Duk da haka tushen maganar yana nan: da harshen da kowa ke ji aka rubuta Bishara.

Haka kuma ta shigo harshen nan da mu ke rubutu da shi. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka kai shi Barno. Wani matafiyi Bajamushe, Overweg, ya fanshe shi. Da Overweg ya mutu a 1852 yaron ya bi Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da suna Abdulkarim, har Tambutu, daga baya har Ingila a 1855. A can wani mai wa'azi, J. F. Schön, wanda ya zo kogin Kwara a 1841 ya kama koyon Hausa, ya ɗauke shi gidansa. Dattijo mai ilmin harsuna ya zauna da alƙalami, yana rubuta abin da ke fitowa daga bakin yaron da aka taɓa sayarwa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Hausarta ba ta da laushi, mai karatu na yau zai yi tuntuɓe a cikinta, amma ita ce Bishara ta fari da aka buga da wannan harshe. Littafi Mai Tsarki duka bai fito da Hausa ba sai a 1932, bayan Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, sun yi shekaru suna fama. Dukan wahalar nan an sha ta ne don wata rana wani yaro ya zauna a kan tabarma ya karanta wa kakarsa, ta kuwa gane.

Abin da ya ƙarasa kashe mana jiki shi ne Toma Akwinas kansa, wanda muka ɗauki makamansa muka tafi da su ƙauye. Ashe a farkon babban littafinsa, tun kafin ya kai ga hujjoji biyar ɗin, ya riga ya ce in an bar mutane da hankalinsu kaɗai, 'yan kaɗan ne za su kai ga sanin Allah, bayan dogon lokaci, da kurakurai da yawa a gauraye, don haka ne Allah ya bayyana kansa. Mu mun tsallake wannan shafi, don ba ya cikin abin da muka zaci za a tambaya a jarrabawa. A cikin wa'azinsa a kan Ƙa'idar Bangaskiya ta Manzanni kuma ya ce duk ƙoƙarin masanan falsafa na kafin zuwan Almasihu bai kai su ga sanin da wata 'yar tsohuwa ta ke da shi ta wurin bangaskiya ba. Sai ka ce ya taɓa sayen daddawa a wurin Iya. A watan Disamba na 1273 ya ajiye alƙalami, bai ƙarasa littafin ba. Da abokin aikinsa ya matsa masa, ya ce duk abin da ya rubuta ya zama masa kamar busasshiyar ciyawa in an gwada da abin da aka nuna masa. Ya rasu a watan Maris na 1274.

To, wani zai ce, in haka ne sai mu ƙone littattafai mu koma gona. A'a, ko kusa. Iya ta dogara ga jikanta, jikan ya dogara ga malamin da ya koya masa haɗa baƙi, malamin ya dogara ga waɗanda suka kwana a kan fassara. Bulus a wurin Gamaliyel ya yi karatu, Luka likita ne, Orijen da Toma kuwa mun ga irin iliminsu. Jahilci ba ibada ba ne. A ƙauyen nan da muka zauna mun ga wani mai yawon wa'azi ya karɓe akuyar wata gwauruwa da sunan zai yi mata addu'a ta musamman, ba kuwa wanda ya san Littafi sosai da zai tsaya masa. Yaron da muka binne ma, da an san alamun zazzaɓin cizon sauro da wuri, da akwai gidan sauro a ɗakinsu, da magani a kusa, watakila da yanzu yana aji uku. Wannan aikinmu ne, mu malamai, ba wanda zai yi mana shi. Tawali'u ne ƙofa, jahili mai girman kai kuwa yana waje tare da masani mai girman kai. Bambancin kawai, masani ya fi samun abin da zai yi girman kan da shi.

Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Da muka yi tunani muka ga mu ne gugan. Karatun da a ke ba mu a nan igiya ce, tsawonta kuwa alheri ne, gama akwai zurfin da gajeruwar igiya ba ta kaiwa. Amma guga ba shi ya yi ruwan ba, ba kuwa don kansa ya ke ɗebowa ba. In ya ƙi sauka, ko ya sauka da tarkace a cikinsa, mutanen gari su kwana da ƙishi alhali ruwa na nan a ƙarƙashin ƙafarsu. Ran Lahadin nan mutane sun bar gonakinsu sun zo da ƙishirwa, muka nuna musu tsawon igiyarmu, suka yaba, suka koma gida da tulu wofi.

Saboda haka ga shawararmu ga ƙannenmu da za su fita bana. In an ce ku yi magana, a aji ko a majami'a, ku yi ta da harshen da a ke ciniki da shi a kasuwar garin. In kun rasa yadda za ku faɗi abu da Hausar da tsohuwa za ta ɗauka ta kai gida, kada ku ce laifin Hausa ne ko na tsohuwa, ku koma ku sāke karantawa, alama ce ba ku gane shi ba tukuna. Ku fara zuwa gaisuwa da ta'aziyya da gayya kafin ku hau mumbari. In kun tarar da wanda bai san harafi ba amma ya san gafara, ku zauna a ƙasa ku ɗauki darasi, ba zai rage muku kome a jarrabawa ba.

Sauran abu ɗaya ba mu faɗa ba. Ran Lahadinmu na ƙarshe dattijon nan, saboda kirkinsa, ya sāke ba mu Magana. Wannan karo ɗayanmu kaɗai ya tashi, ya ba da labarin ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar, yunwa ta koro shi gida, ubansa ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Bai kai minti goma sha biyar ba, bai sa kalmar Turanci ko ɗaya ba. Da aka tashi Iya ta zo da sandarta, muka rusuna. Ta ce, "Yau kam na gane shi, shi ne namu. Amma 'ya'yana, kun tsaya a rabi. Kun bar babban wan a waje, wanda ya yi aiki bai taɓa saɓa wa ubansa ba, ya yi fushi ya ƙi shiga. Ni shi ya fi ba ni tausayi. Ai shi ma uban ya fita ya lallashe shi. In kun gan shi ku ce ya shigo, tuwo na hucewa."

Muka yi mata sallama, ta ƙulle mana daddawa a ganye. Har muka haye rafi ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu tawali'un da za mu riƙe shi da shi. Amin.